Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi: maganar ciwon baya a lakwal da biro

Akwai wani ciwo da ya zama ɗan gida a tsakanin malaman lakwal da ma'aikatan biro, har an daina lissafa shi cikin cututtuka. Mushe zai tashi daga kujera, ya dafe kwankwaso da hannu biyu, ya ɗan dakata kafin ƙafa ta ɗauke shi, abokan aiki su ce tsufa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, a yi dariya a wuce. Madam za ta ce sanyi ne ya kama ta, ko kuwa haihuwa ce ta bar mata. Wani ya ɗora wa basir, wani ya ɗora wa maiƙo, a aiki yaro bakin titi ya sayo ƙwaya ta dala ashirin. Kaɗan ne ke juyawa su dubi kujerar da suka tashi daga kanta, su lissafa awa nawa suka yi a kai ba su motsa ba.

Ra'ayina shi ne, babban rabo na wannan wahala mu muke jawo wa kanmu da dogon zama, kuma tun a lakwal ake koya mana shi. Yaron da ya kafe wuri ɗaya tun safe har rana ta take, shi muke kira mai ladabi. Ma'aikacin da bai ɗaga daga kan tabur ba sai an tashi, shi muke kira mai himma. Ya kamata malamai da uwaye su sake wannan tunani, kuma sakewar ba ta jiran kasafin kuɗi daga Yamai.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, kuma tana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. A lissafinta, babu ciwon da ya kai shi tauye mutane daga harkokinsu na yau da kullum. Kusan tara cikin goma na masu shi, in an bincika, ba a samun karaya ko ƙari ko wata cuta takamaimiya da za a nuna da yatsa. Cikin abubuwan da hukumar ta ce suna ƙara haɗarin kamuwa akwai ƙarancin motsa jiki, ƙiba, shan taba da aikin ƙarfi da ya wuce kima. Uku daga cikin huɗun nan suna iya haɗuwa a kan mutum ɗaya yana zaune a biro.

Yadda aka gina baya

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Guda 24 daga cikinsu suna motsi: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso. Na ƙasa da su sun haɗe sun zama gindin da ke riƙe sauran. Ta tsakiyar jerin nan laka ke bi, daga gare ta jijiyoyi ke fita zuwa hannuwa da ƙafafu. A tsakanin ƙashi da ƙashi kuma akwai faifan guringuntsi, guda 23, wanda aikinsa ya yi kama da na gammo tsakanin kai da tulu: shi ke karɓar nauyi don kada ƙashi ya gogi ƙashi.

Abin da ya kamata kowa ya sani game da faifan nan shi ne, a jikin baligi kusan babu hanyar jini da ke shiga cikinsa. Abincinsa yana tsatsowa ne daga ƙasusuwan da ke maƙwabtaka da shi, kuma matsawa da sakewa suna taimaka wa ruwa ya fita ya shigo, kamar soso a hannun mai wanke-wanke. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya zuwa biyu, don cikin dare faifan sun sake shan ruwa, da rana kuma nauyin jiki ya matse su. Duk wanda ke da mita ta tela a gida yana iya gwada wannan da ƴaƴansa. Tsokokin da ke tallafe da ƙashin su ma haka suke. In sun daɗe a hali ɗaya sai su gaji su ƙage, in an shekara ba a sa su aiki ba sai su yi rauni.

Wannan sani ba na jiya ba ne. Wani likitan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a 1700 kan cututtukan da sana'o'i ke jawowa, ya yi magana kan masu aikin zaune irin su teloli da masu ɗinkin takalma, daga baya ya ƙara da magatakarda masu wuni suna rubutu. A shekarun 1960 kuma likita Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya auna matsin da ke cikin faifan kwankwaso a jikin mutane masu rai, ya ga zama a ranƙwafe gaba yana ɗora wa faifan nauyi fiye da tsayuwa a miƙe. Wuya ma yana da nasa kaya. Kan baligi ya kai kilo biyar, kuma wani likitan ƙashi a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa in aka sunkuyar da kai sosai, irin sunkuyon mai duba waya a cinya, nauyin da wuya ke ɗauka yana iya kai wa kilo 27. Jarkar ruwa ce cikakkiya har da ƙari, a rataye a ƙeya.

Gaskiya ɗaya dai, zama kansa ba ya karya ƙashi, kuma babu wani zama guda da za a ce shi ne daidai ga kowa. Ko mutum ya miƙe sambal kamar soja, in ya yi awa uku a haka zai ji a jikinsa. Daɗewa a hali ɗaya ita ce matsalar.

Ranar malami da ranar ɗalibi

Wani zai ce ai malami a tsaye yake wuni, ina ya ga zama? Wanda ya faɗi haka bai ga rabin aikin da ake yi bayan an tashi ba. Ɗauki mushe mai yara 70 a aji. In ya ba kowane kaye minti uku, ya yi minti 210 ke nan, awa uku da rabi, kai a sunkuye. Sau da yawa gyaran nan ba a kan tabur ake yin sa ba. A kan tabarma ne, kaye bisa cinya, ko a kan ɗan bencin yara wanda gwiwar babba ba ta shiga ƙarƙashinsa, da fitilar waya in wuta ta ɗauke. Ga shirya darasin gobe, ga cike takardun sakamako a ƙarshen zango. Lokacin gyaran BEPC da BAC kuwa, kwanaki ake jerawa ana zaune daga safe zuwa la'asar, kowa na sauri ya ƙare tarin da ke gabansa. Malamin da aka tura ƙauye yana ƙara wa wannan duka awa ɗaya ko biyu a kan moto bisa hanyar da babu kwalta, kowane rami sai ya sauka a kwankwasonsa. Darakta da sakatare da mai lissafin kuɗi su kuma kwamfuta ta zaunar da su, musamman ƙaramar nan ta hannu wadda allonta ke ƙasa, dole mai aiki da ita ya duƙa.

Na yara ya fi ban tausayi, don su ba su da bakin cewa a'a. A lakwal da dama, benci mai haɗe da tabur girmansa ɗaya ne tun daga CI har CM2, alhali tsakanin ɗan shekara bakwai da ɗan shekara goma sha biyu akwai tazarar tsawo da ta kusa santimita 30. Ƙaramin ƙafafunsa na lilo a sama, ya ɗage kafaɗa don hannunsa ya kai kan tabur. Babban kuma gwiwarsa na dukan katako, sai ya karkace ko ya kwanta a kan kaye. Bencin da aka yi wa mutum biyu, uku ko huɗu ke kansa, na gefe rabin mazauninsa a iska yake. Waɗanda aka ajiye a jikin bango suna wuni wuya a juye ɓangare ɗaya don su ga tablo, kuma galibi wurin da aka ba yaro a watan Oktoba nan zai zauna har watan Yuni. In ya koma gida ga malamin darasin yamma, ga aikin gida a kan tabarma, ga wayar uwa ko ta yaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji mutanen da. Mun riƙe karin maganar a wajen tarbiyya, mun manta cewa ɗabi'ar zama da ƙin motsi ita ma tun ana ɗanye take kama mutum.

Abin da za a ce, da amsarsa

Na san za a ce ƙasar da har yanzu ake karatu a rumfunan zana, inda yara da yawa ko bencin ma ba su da shi, maganar tsawon kujera ai ta masu ƙoshi ce. Akwai gaskiya a ciki, gina aji da samar da benci su ne gaba. Sai dai babban abin da nake kira a yi ba ya cin ko dala: a bar yaro ya tashi. Wanda ke zaune a ƙasa da allo bisa gwiwa ya fi kowa bukatar haka. Kuma duk ranar da kuɗin benci ya samu, yanka katako gida uku, ƙarami da matsakaici da babba, bai fi yanka shi gida ɗaya tsada ba. Magana ce ta a gaya wa kafinta da mai walda tun kafin su fara.

Za a kuma ce manomi da mai daka da mai ɗaukar ruwa ba su san kujera ba, amma su ma bayansu na ciwo. Haka ne. Wuni a duƙe da hauya ko da gajeriyar tsintsiya, da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfi, su ma suna cin baya. Abin da ya haɗa su da mai biro shi ne jiki ya daɗe yana abu guda babu sauyi. Mai biro ma yana da ƙarin haɗari: ya kwana biyar bai ɗaga abin da ya fi biro da kaye ba, ran Asabar ya je ya sunkuci buhun hatsi, ko damina ta faɗi ya shiga gona da ƙarfinsa na shekara goma da suka wuce. A nan ake jin abu ya tsinke.

Malamai kuma za su ce in ka ce wa yara tamanin su miƙe, kafin ka sake zaunar da su an ci minti goma. Wannan ya danganta da yadda aka saba musu. Yaran da ke miƙewa gaba ɗaya in baƙo ya shigo, su gaishe shi da murya ɗaya su zauna, za su iya miƙewa su ɗaga hannu sama, su juya kafaɗa, su tsuguna su tashi sau biyar, su koma cikin minti biyu. Kowane malami ya san yadda aji ke mutuwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya a watan Afrilu, ido a buɗe amma hankali ya tafi. Minti biyun nan ba asara ba ce, da su ake sayo sauran rabin awar.

Abin da ke hannunmu

Ga babba mai aikin zaune, doka ta farko ita ce kada rabin awa ta wuce, in ta yi yawa minti 45, bai tashi ba. Ya miƙe, ya sa hannu a kwankwaso ya ɗan lanƙwasa baya a hankali, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Mai gyaran kaye ya raba su goma goma, in ya gama kashi ɗaya ya tashi. Wayar da aka kira ka, amsa ta a tsaye. Takardar da za a kai biro na kusa, kai ta da ƙafarka maimakon aiken yaro. Ajiye ruwan sha nesa da tabur yadda sai ka tashi za ka kai gare shi. Wanda ke tashi alwala ya taka zuwa masallaci da azahar da la'asar ya riga ya samu biyu, saura ya cike tsakaninsu.

Sai gyaran wurin zama, wanda shi ma bai kai a sayi kujerar jikka ɗari ba. Tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, in kujera ta yi tsawo a sa bulo ko guntun katako. Mazaunai su shige har ƙarshen kujera, a naɗe zane ko tawul a sa a ramin kwankwaso. Gwiwar hannu ta zo daidai da saman tabur, kafaɗa a sake. Allon kwamfuta ya kasance nesa da kai kamar tsawon hannu, bakinsa na sama daidai da ido. Mai ƙaramar kwamfuta ya ɗora ta a kan littattafai, ya nemi madannai na daban in zai daɗe yana rubutu. Mai gyaran kaye ya jingina faffaɗan katako a kan littafi mai kauri don takarda ta ɗan taso ta fuskance shi. Maza su cire walat daga aljihun baya kafin su zauna. In za a ɗaga kaya, a matso kusa da shi, a lanƙwasa gwiwa, a riƙe shi jikin ciki, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Na uku shi ne tafiya. OMS ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 30 na tafiya da sauri sau biyar a mako ya cika ƙaramin ma'aunin. A garuruwanmu moto ta shiga jini, har mai zuwa sayen burodi a bakin layi sai ya tayar da ita ko ya tsayar da kabu-kabu. Bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, in rana ta yi sanyi, ƙafa ta isa. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa, awa ɗaya a rana hukumar ta ce su samu suna guje-guje da wasa mai sa haki. Don haka malamin da ke cinye awar EPS da lissafi, ko mai hana yaro fita shan iska a matsayin horo, ya san abin da yake ɗauke masa. Uwaye su ma su duba, musamman ƴan mata, waɗanda daga aji sai aikin gida a duƙe, ba langa ba ƴar gala-gala.

Jakar lakwal ma a riƙa ɗaga ta a ji. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin yaro da yawa, wato yaro mai kilo 25 jakarsa ta tsaya wajen kilo biyu da rabi. A rataya ta da igiya biyu, a kafaɗa biyu. Malami ya faɗa tun yau littafin da za a bukata gobe, don kada a kwaso duka.

Ƙwayar bakin titi da alamun da ba a wasa da su

In ciwon ya zo, abin da aka saba shi ne a kwanta a haɗiyi ƙwaya. Likitoci yanzu suna cewa doguwar kwanciya tana ƙara ƙage baya, gara mutum ya ci gaba da motsi gwargwadon iyawarsa, kuma yawancin irin wannan ciwo yana lafawa cikin ƴan makonni. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma shan su kullum ba da sanin likita ba yana ƙona ciki yana taɓa ƙoda, balle a zafin ƙasarmu ga wanda ba ya shan ruwa sosai. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa samari a unguwanni, kuma akwai waɗanda da ciwon jiki suka fara shi. A watan Disamba na 2023 OMS ta fitar da jagora kan ciwon kwankwaso da ya wuce wata uku. Ta ƙarfafa wayar da kai da motsa jiki da wasu hanyoyin gashi da tausa, ta kuma ce kada a dogara da ɗamarar kwankwaso, ko jan baya da na'ura, ko magunguna dangin tramol.

Akwai kuma lokacin da ba kujera ba ce, kuma jinkiri na iya jawo shanyewa. In ƙafa ta fara rauni ko tana ja, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, in fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, a tafi asibiti a ranar. In ciwon ya zo da zazzaɓi, da rama, da zufar dare, ko yana tayar da mutum daga barci, a bincika, don tarin fuka yana kama ƙashin baya ya cinye shi har ya fitar da doro, kuma yana da magani in an gano shi da wuri. Haka wanda ya faɗo daga moto, da mai amosanin jini, da yaron da ya yi makonni yana kukan baya. Uwa ta riƙa duban bayan ɗiyarta tsakanin shekara 10 zuwa 15: in kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko gefe ɗaya na baya ya taso in ta duƙa, wannan karkatar ƙashi ce da ta fi samun ƴan mata. Jaka ko benci ba su ke kawo ta ba, faɗa da duka kuma ba sa miƙar da ita. A fara da CSI mafi kusa, su tura gaba in da bukata.

Malamin da bayansa ya riƙe ba ya iya tsayuwa gaban tablo, ba ya zagaya layuka ya duba rubutun yara, haƙurinsa ma gajere ne. In ya kwanta sati biyu, a ƙauyuka da yawa babu mai maye gurbinsa, yara saba'in ne ke zaune. Saboda haka maganar ta shafi COGES da ƙungiyar uwayen yara kai tsaye. A taron farkon shekara a sa abu huɗu cikin ajanda: tashi na minti biyu tsakanin darasi da darasi a kowane aji, sauya wa yara wurin zama duk wata, jera bencina bisa tsawon yara maimakon yadda aka tarar da su, da tabur da kujera na babba ga kowane malami. Masu duba makarantu su tambayi wannan in sun zo zagaye, makarantun horon malamai na Maraɗi da Damagaram da Tawa su koya wa sababbi tun kafin a ba su aji. Daraktan da ya yarda da maganar nan ba ya bukatar takarda daga kowa, ran Litinin mai zuwa yana iya farawa.